Za a buɗe wurin fasa dutsen siminti kusa da garinmu: me ya kamata mu nema kafin a tayar da nakiya?

Malam Bello:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan'uwa masu ilimin wannan fanni. Wani kamfani ya aiko wakilansa wurin uban ƙasarmu, sun ce sun sami izinin haƙar dutsen farar ƙasa, wanda ake yin siminti da shi, a dajin da ke arewa maso gabas da garinmu a nan jihar Sakkwato, kuma ba su ɓoye ba cewa aikin zai haɗa da tayar da nakiya. An tsayar da cewa za a zauna da hakimi da masu unguwanni da wakilan matasa bayan an kawar da amfanin gona. Mafi yawan gidajenmu ginin ƙasa ne, ruwan shanmu daga rijiyoyi marasa zurfi muke ɗiba, kuma akwai burtali da ya bi ta gefen filin da suka nuna. Ba mu so mu je zaman nan da hayaniya, ba mu kuma so mu sa hannu a kan abin da ba mu fahimta ba. Me ya kamata mu tambaya, kuma me doka ta riga ta ɗora musu?

Injiniya Shehu:
Wa alaikumus salam, Malam Bello. Dutsen da suke nema ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. Masana ilimin ƙasa da sunan Kalambaina suke kiran shimfiɗarsa, kuma saboda shi ne aka kafa kamfanin siminti a can a 1962, ya fara aiki a 1967. Shimfiɗar ta miƙa arewa har cikin Nijar, inda masana'antar siminti ta Malbaza take. Asalinsa ragowar halittun ruwa ne da suka taru tun zamanin da teku ya rufe wannan yanki, shi ya sa masu haƙar rijiya kan tsinci bawonsu a cikinsa.

Yadda ake aikin shi ne, a fara yaye ƙasar sama, sannan a riƙa yanka dutsen hawa-hawa. A bakin kowane hawa ana huda ramuka a jere da inji, a zuba nakiya a ƙasan kowane rami, a toshe samansa da tsakuwa, sannan a tayar. Ƙarfin da bai tafi wajen fasa dutse ba ta hanyoyi uku yake fita: girgizar da ke bi ta cikin ƙasa, da bugun iska mai kaɗa ƙofofi da kwanon rufi, da duwatsun da ke tsalle su faɗa nesa. Duk ukun asara ce ga kamfanin kansa, kuma yawansu alama ce ta aikin da ba a tsara shi da kyau ba.

Tambayar da za ku fara yi musu ba ita ce yawan nakiyar da za su tayar a rana ba. Ku tambaye su kilo nawa ne zai tashi a lokaci guda. Mai aiki da tsari ba ya tayar da ramukan tare. Yakan sa tazara tsakaninsu, misali kashi 25 cikin 1,000 na daƙiƙa, kamar yadda mata ke lugude a turmi ɗaya, taɓarya na sauka bayan taɓarya. Kunne zai ji kamar ƙara ɗaya ce, amma ƙasa ta karɓi bugun ne kaɗan-kaɗan, kuma wannan ne ke bambanta aikin da gida zai jure da wanda ba zai jure ba.

Alhaji Garba:
Allah ya saka wa Injiniya da alheri. Ni tsoho ne, kuma na yi shekaru ina harkar tifa, don haka ina so in ja hankalin Malam Bello ta wani ɓangaren. Matasanmu da zarar an gama girbi sai su watse ci-rani, wasu Legas, wasu Fatakwal, wasu ba su dawowa. Idan Allah ya ajiye arziki a ƙarƙashin ƙasarku, har wani ya zo da kuɗinsa zai tono shi, ku yi hattara kada ku jera masa sharuɗɗan da za su sa ya naɗe tabarmarsa ya koma wani gari, domin dutsen nan ba a wurinku kaɗai yake ba. Garin da aka buɗe irin wannan aiki yakan sami hanya, mai abinci ta yi ciniki, makanike ya sami na cefane. Ina ganin ku fi ba da ƙarfi wajen neman a ɗauki 'ya'yanku aiki.

Barista Nasiru:
Baba Alhaji, maganarka abin dubawa ce, sai dai mafi yawan abin da Malam Bello zai nema ba sharaɗin da shi ya ƙirƙira ba ne, doka ce ta riga ta wajabta. Ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar Gwamnatin Tarayya ne bisa tsarin mulkin 1999, saboda haka uban ƙasa ko shugaban ƙaramar hukuma ba su da ikon ba da izinin haƙa. Ofishin rajistar filayen ma'adinai na tarayya ne ke bayarwa, a ƙarƙashin Dokar Ma'adinai da Haƙarsu ta 2007. Ku nemi ganin takardar da idonku, ku duba ko lasisin bincike ne ko na haƙa, domin lasisin bincike bai ba mutum damar fasa dutse yana loda wa motoci yana sayarwa ba.

Wannan dokar ta tilasta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, kuma a riƙa sake duba ta duk bayan shekara biyar. Ta kuma wajabta biyan diyyar gonaki da itatuwa masu amfani da gine-gine. Akwai dokar 1992 ta auna tasirin manyan ayyuka ga muhalli, wadda a ƙarƙashinta ake baje rahoton binciken a bainar jama'a na kwanakin aiki 21 domin duk mai ƙorafi ya rubuta. Sannan NESREA, hukumar tarayya mai tsare dokokin muhalli, ta fitar da ƙa'idoji na musamman a 2013 kan fasa dutse da tayar da nakiya, waɗanda suka hana kafa irin wannan wuri a cikin tazarar kilomita 3 daga inda mutane suka riga suka zauna. Malam Bello, nisan nawa ne tsakanin filin da gidan ƙarshe na garinku?

Malam Bello:
Barista, ba mu auna da na'ura ba, amma daga makarantar firamare, wadda ita ce ginin ƙarshe ta wannan fuska, zuwa inda suka kafa alamominsu bai kai tafiyar rabin awa a ƙafa ba. Abin da ya fi damun dattawanmu shi ne tsagewar bango. Wani surukina da ke zaune kusa da wurin fasa dutse a wata jiha ya ba mu labarin cewa soronsa ya dare, da ya kai kuka aka ce masa dama can a tsage yake, kuma ba shi da abin da zai nuna ya ƙaryata su. Injiniya, akwai ma'aunin da ake gane cewa girgiza ta kai ta fasa gida?

Injiniya Shehu:
Akwai, kuma a nan nake so ku tsaya da kyau. Ana dasa wata 'yar na'ura a gindin ginin da ya fi kusa, ta rubuta saurin motsin ƙasa a milimita cikin daƙiƙa, ta kuma rubuta ƙarfin bugun iska. Jikin mutum yana jin girgizar da ba ta kai milimita 1 ba, wato ana jin ta tun ba ta kai ga yin ɓarna ba, don haka cewa mun ji ƙasa ta motsa ba hujja ba ce, kamar yadda cewar kamfani babu komai ita ma ba hujja ba ce. Binciken da hukumar ma'adinai ta Amurka ta fitar a 1980 ya sa iyaka a milimita 12.7 ga gidajen da aka yi wa shafe, idan girgizar mai jinkirin kaɗawa ce. Ƙa'idar Jamus ta fi tsanani: milimita 5 ga gidajen zama, milimita 3 ga tsofaffin gine-gine masu rauni.

Abin lura shi ne, waɗannan alƙaluma an same su ne ta gwaji a kan gidajen waɗancan ƙasashe, ba a kan soron tubali da azara ba, ba a kan rumbun ƙasa ba, ba kuma a kan rijiyar da ba a ɗaure ta da siminti ba. A ra'ayina, ginin ƙasa a sahun gine-gine masu rauni ya kamata a sa shi, kuma ku nemi a rubuta milimita 3 a cikin yarjejeniya. Wannan ba abu ne da ya fi ƙarfin kamfani ba, domin girgiza tana raguwa da nisa, kuma a lissafin da ake amfani da shi, idan nisa ya ninka sau biyu ana iya ninka nakiyar da ke tashi a lokaci guda sau huɗu ba tare da girgizar ta ƙaru ba. Ma'ana, idan sun matso kusa da ku sai su rage kason nakiyar da ke tashi a lokaci guda, su rarraba ta a ƙarin ramuka masu tashi bi da bi.

Game da abin da ya sami surukinka, gaskiya ce cewa bangon ƙasa yana tsagewa saboda ruwan sama da zafin rana da gara, ko da ba a taɓa tayar da nakiya a kusa ba. Saboda haka ne gardamar ba ta ƙarewa idan aka bari sai bayan an fara aiki. Maganinta shi ne a zagaya gida-gida kafin tashin farko, da wakilin kamfani da mai unguwa da mai gidan, a ɗauki hoton kowane bango, a auna tsawo da faɗin duk tsagar da ke akwai, a rubuta kwanan wata, kowa ya sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa. Kamfani mai gaskiya ba zai ƙi ba, domin shi ma kariya ce gare shi daga wanda zai zo da ƙarya.

Dakta Hadiza:
Ina so in ƙara batun ƙura, wadda a ganina ta fi nakiya daɗewa a jikin mutane, domin nakiya tashi ɗaya ce, ƙura kuwa kullum ce. Malam Bello ya ce filin yana arewa maso gabas da garin. Daga can iskar hunturu take busowa, saboda haka tun daga Nuwamba har zuwa Fabrairu duk abin da ya tashi daga injin niƙa dutse da tayoyin tifofi kan garin zai sauka, kuma makarantar firamare ce za ta fara shaƙa. Ƙurar wannan dutse ba ta kai ta baƙin dutsen da ake fasa wa aikin hanya yawan sinadarin silika mai lalata huhu ba, amma tana tayar da asma, tana tsananta tari da ciwon ido, musamman ga yara da tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta sa ma'aunin ƙurar da ke shiga hanyar numfashi a maikirogiram 45 cikin kowace kubik mita ta iska (wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi) a yini. Mu a Sakkwato hazo kaɗai yakan wuce haka, don haka idan aka auna a wuri ɗaya kamfani zai ce laifin hunturu ne. Ku nemi a auna a wuri biyu, ɗaya kafin iska ta iso wurin aikin, ɗaya bayan ta wuce shi. Bambancin da ke tsakani shi ne nasu.

Sai ruwa. Nakiyar da aka fi amfani da ita a irin wannan aiki haɗi ce ta sinadarin amoniyam naitiret, ɗan'uwan takin zamani, da man dizal. Idan ta jiƙa ba ta ƙonewa duka, takan fitar da hayaƙi mai launin ruwan goro wanda guba ne ga huhu, ragowar kuma ta narke ta bi ruwa. Naitiret idan ya haura miligiram 50 a lita yana da haɗari ga jarirai, domin yana hana jininsu ɗaukar iskar oksijin. Amma shi ma yana iya fitowa daga masai da taki, don haka a gwada ruwan rijiyoyinku tun yanzu a ajiye sakamakon.

Malama Asma'u:
Na ji daɗin yadda Dakta ta ambaci rijiyoyi, domin a zaman da za a yi ban ji an ambaci mace ko ɗaya ba, alhali 'ya'yanmu ne ke jan guga kuma mu ne ke fara sanin ranar da ruwa ya ja baya. Malam Bello, don Allah a sami hanyar da za a ji ta bakin matan garin, ko ta hannun malaman Islamiyya. Sannan batun jiniyar gargaɗi kafin tashin nakiya: yaron da ke kiwo a daji ko yarinyar da ta je itace ba su san ma'anarta ba sai an koya musu, kuma makiyayin da ya biyo burtali daga wata ƙasa bai halarci zamanku ba. A tsayar da lokaci ɗaya sananne na tashin nakiya, wanda ba lokacin tashin 'yan makaranta ba ne, ba kuma ranar kasuwa ba, a tsayar da masu jan ƙyalle a kan kowace hanya, kuma a cikinsu a sami mai jin Fulatanci.

Injiniya Shehu:
Malama ta taɓo abu mafi haɗari. Dutsen da ya yi tsalle yana cikin abubuwan da suka fi kashe mutane a aikin tayar da nakiya, kuma yawanci yana faruwa ne idan ba a toshe bakin rami sosai ba, ko ramin ya yi kusa da fuskar dutsen, ko kuma aka ɗora nakiya a kan ƙaton dutsen da bai fashe ba don a ƙara farfasa shi. Wannan na ƙarshe ku nemi a haramta shi gaba ɗaya, a yi amfani da injin sara dutse a madadinsa. Haka kuma bayan an tayar, kada kowa ya shiga sai mai kula da nakiya ya duba ya tabbatar babu ramin da ya ƙi tashi.

Batun ja da bayan ruwa kuwa ya fi ƙarfin zato. Wannan dutse yana da ƙofofi da tsagogi da ke riƙe ruwan damina, shi ne ke ciyar da rijiyoyi marasa zurfi da maɓuɓɓuga da dama a yankinmu. Idan ramin haƙa ya zarce zurfin ruwan, kamfani zai riƙa zuƙe shi da famfo don ya yi aiki a busasshen wuri, rijiyoyin kusa kuma su bi shi ƙasa. A auna zurfin ruwan kowace rijiya a ƙarshen damina da kuma tsakiyar bazara kafin a fara.

Alhaji Garba:
To, ga inda nake da ja. Abin da aka saba yi don kashe ƙura shi ne yayyafa wa hanya ruwa, ga shi kuma an ce kada a taɓa ruwan ƙasa. A watan Afrilu a Sakkwato, ruwan da tanka ta zuba a kan hanya kafin ta juyo ya bushe. Daga ina za a ɗebo ruwan da zai ishi wannan aiki, a garin da mutane ke layi a bakin rijiya? Na kuma ga abin da ba a faɗa ba: wurare da yawa kamfani ne ke fara zuwa daji, daga baya mutane su bi shi da gine-gine har su manne masa, sannan su dawo suna kuka da ƙura. Idan za a ɗaure kamfani da sharaɗi, a ɗaure masu sayar da filaye su ma.

Barista Nasiru:
Wannan magana ta biyu gaskiya ce, Baba, kuma ya kamata ta shiga yarjejeniya: a shata fili tsakanin gari da wurin aikin wanda ba za a yanka shi fuloti ba, hakimi da ƙaramar hukuma su ɗauki nauyin tsare shi. Amma a garin Malam Bello mutane ne suka riga kamfani zuwa, kuma tafiyar da ba ta kai rabin awa ba da wuya ta cika kilomita 3. Wannan kaɗai ya isa a rubuta wa ofishin NESREA da Ma'aikatar Muhalli ta jiha a nemi su zo su auna kafin ranar zama.

Dakta Hadiza:
Baba Alhaji, ruwa ba shi kaɗai ne maganin ƙura ba. A zuba kwalta ko tsakuwa a sashen hanyar da ya kusanci gari, ko a kewaye da ita ta bayan gari, a rage gudun tifofi, a rufe lodi da tamfol, a killace injin niƙa a cikin gini. A dasa layukan dogon yaro da bagaruwa ta fuskar da iska ke fitowa tun daminar farko, domin itace yana buƙatar shekaru kafin ya tare wani abu. Ruwan da aka zuƙo daga ramin haƙa kuwa shi ya kamata a tara a yi yayyafi da shi, ba na rijiyar gari ba.

Malam Usman:
Allah ya ƙara wa kowa ilimi. Abin da Alhaji yake kira gare shi na neman halal da raya ƙasa abu ne da addini ya yarda da shi, abin da sauran suke faɗa kuma yana ƙarƙashin hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda malamanmu na Malikiyya suka gina hukunce-hukuncen maƙwabtaka a kansa, har suka yi bayani kan hayaƙi da wari da abin da ke raunana bangon maƙwabci. Ina jan hankalin wakilan gari cewa amana suka ɗauka. Wanda ya karɓi wani abu a ɓoye ya sassauta sharaɗin da ke kare rijiyar marayu, ya san cewa ba haƙƙinsa ya yafe ba. A karanta yarjejeniyar da Hausa a gaban jama'a kafin kowa ya sa hannu.

Injiniya Shehu:
Akwai abu biyu da ba mu taɓo ba. Na farko ajiyar nakiyar. Dokar abubuwan fashewa ta 1964 ta tanadi cewa sai da lasisi ake saye da ajiyewa, kuma a ma'aji na musamman nesa da gidaje. Abin da ya faru a unguwar Bodija ta Ibadan ranar 16 ga Janairu 2024, inda nakiyar haƙar ma'adinai da aka ajiye a gidan zama ta tashi ta kashe mutane ta rushe gidaje, ya isa darasi, ga kuma halin tsaron da wasu sassan jiharmu ke ciki. Ku tambayi inda ma'ajin zai kasance, da wanda ke gadinsa, da yadda ake lissafin abin da ya shiga da wanda ya fita.

Na biyu shi ne ramin da za a bari. Idan aka tashi aka bar shi da gaɓa a tsaye, damina za ta cika shi, ya zama wurin da yara da dabbobi ke nutsewa. Dokar 2007 ta wajabta gyara wurin bayan an gama, har ta tanadi asusu domin haka. Ku nemi a tara ƙasar saman da aka yaye a gefe guda, a riƙa mayar da ita sashe-sashe tun ana cikin aiki, a kwantar da gaɓar ramin ƙarshe yadda zai yi amfani ga mashaya ko noman rani.

Malam Bello:
Na kwafe duk waɗannan, zan kai wa hakimi gobe in Allah ya kai mu, kuma za mu fara da auna nisa da ɗaukar hotunan gidaje ko kamfani bai zo ba. Tambaya ɗaya ta rage mini, Injiniya: shin dole ne sai da nakiya ake cire wannan dutse?

Injiniya Shehu:
Ba dole ba ne a kowane wuri. Inda dutsen yake da taushi ko ya cakuɗa da laka, katafila mai ƙugiya a baya tana iya yage shi, kuma a Indiya akwai wuraren haƙar dutsen siminti da ke amfani da injin da ke kankare shi daga sama ba tare da nakiya ba. Abin ya danganta da taurin dutsen da kaurin shimfiɗarsa a filinku, kuma kamfanin yana da wannan bayani daga ramukan gwajin da ya huda. Ku nemi su kawo sakamakon gwajin tare da taswirar filin ranar zama, ku kuma nemi sashen da ya fi kusa da makaranta a cire shi da inji ko a bar shi. Idan kun sami kwafin, ka turo mini in duba kafin ku ba su amsa.